Farar Ƙwaryar Gwaggo

Daga Allah muka zo, gare shi za mu koma, Gwaggo kuwa ta riga mu komawa. Ta rasu ranar wata Talata da hantsi a Dodoru, cikin ƙasar Gwandu, bayan an gama yankan gero. Yayar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni tun ina shekara huɗu har ta kai ni ɗakin miji. Ina Kalgo saƙon ya same ni. Kafin in sami mota zuwa Birnin Kebbi, in sake wata zuwa Gwandu, in jira a-kori-kurar da ke shiga ƙauye, an riga an kai ta an dawo. Na tarar da tabarmi a ƙofar gida maza sun cika su, a ciki kuma mata sun zauna har bakin rumbu.

Kwana bakwai na yi ina sauraron abin da ake faɗa a kanta. Wata ta ce mace ce mai haƙuri. Wata ta ce ba ta taɓa hana maƙwabci gishiri ba. Wata tsohuwa ta tuna furarta, har ta lashi leɓe, aka yi 'yar dariya. Mahaifina, ƙaninta, duk wanda ya yi masa gaisuwa sai ya ce, "Ta huta, ta huta." Duk gaskiya ne. Amma irin wannan gaskiyar ana faɗin ta a kan kowace tsohuwa. Da za a ɗauke sunan Gwaggo a sa na wata, ba kalmar da za ta canza.

Mutum ɗaya ce ta fara taɓo abin da nake jira. Maƙwabciyarmu ce, wadda aka auro daga bakin gulbi tun ina yarinya. Ta share ido ta ce, "Ni kam ƙwaryar da ta zana mini..." Ba ta ƙarasa ba matar Yaya, surukar Gwaggo, ta tare ta. "Ai ta bar wannan tun tuni. Allah dai ya sa ta cika da kyau." Aka ce amin, maganar ta mutu nan.

Rana ta uku, bayan an shafa addu'a, na ji muryar Yaya ta bayan danga. Shi ne ɗanta na fari, shi ne kuma babban gida yanzu. Yana gaya wa maza, "Abin da na fi gode wa Allah a kai, shekara goma sha ɗaya ba ta sake ɗaukar wuƙar zane ba. Ta bari, ta koma ga Ubangijinta da hannunta tsarkakakke." Maza suka ce madalla.

Wannan maganar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ban yi karatu mai nisa ba, firamare na gama aka yi mini aure. Amma na san abin da idona ya gani. Gwaggo ba ta bari ba. In na yi shiru, haka za a riƙa faɗa wa jikokinta har ya zama shi ne labarinta.

Zanen ƙwarya ta gada wurin mahaifiyarta, wadda Bafillatana ce. Duma take shukawa a bayan ɗaki da kan danga. In ya ƙosa ya bushe ta fafe shi, ta jiƙa, ta kankare cikin, ta goge bayan har ya yi santsi. Tana da wata 'yar wuƙa mai bakin tsinke da wani maƙerin Gwandu ya ƙera wa mahaifiyarta, ƙotar ta yi baƙi don riƙo. Da ita take tsaga zanen. In ta gama sai ta kwaɓa baƙin tukunya da man kaɗe ta shafe ƙwaryar duka, ta goge da tsumma. Baƙin ya zauna cikin tsagar, zane ya fito.

Sauran masu zane suna da zanensu da suka iya, shi suke maimaitawa har su mutu. Ita ba ta taɓa yin ƙwarya biyu iri ɗaya ba, don ba daga kanta take ɗauko zanen ba. Daga ƙasa take ɗaukowa. Sawun zabi a kan yashi. Sawun ƙadangare, da layin da wutsiyarsa ke ja a tsakiya. Yadda laka ke tsagewa a fadama in ruwa ya janye. Hanyar da gara ke ginawa a jikin bango. Ganyen rama da tsutsa ta ci ta bar jijiyoyin.

Wata rana ta tsinko ganyen wake ta miƙo mini.

"Mi kinka gani?"

Na ce, "Ganye."

"Ganye ai jaki ma ya gani, har ya ci. Juya shi."

Na juya. Ta ce in ɗaga shi ga rana. Sai ga hanyoyi a ciki, babba ta rabu biyu, kowace ta sake rabuwa, har suka yi ƙanƙantar da ido ba ya bi. Ta ce, "To yanzu kin fi jaki da kaɗan."

Ba ta iya yabo ba. Ta gwada koya mini sau da yawa, daga baya ta karɓe wuƙarta ta ce hannuna na daka ne, in je in yi daka. Na yi kuka, ba ta lallashe ni ba. Tuwonta yakan ƙone tana can tsugune tana kallon zanzaro yana ɗaukar laka. In za a tafi suna ko biki, mata sun daina jiran ta, don tana iya tsayawa a hanya a kan tururuwa. In an yi mata magana sai ta ce, "Mai sauri ba shi ganin komi sai inda za shi." Mijinta, Allah ya jiƙan shi, ya yi ta faɗa har ya gaji ya koma dariya. Yakan ce ya auri mace ya samu mai gadin ƙasa.

Labarin maƙwabciyar nan kuwa, ga yadda yake. Da aka kawo ta Dodoru ba ta iya cin abinci ba. A gidansu daga ƙofar ɗaki ake hangen gulbi, nan kuwa sai rijiya mai zurfin gaba goma. Ba wanda ya cuce ta, ruwa kawai take kewa, kuma ba abin da za ta faɗa wa miji ke nan ba. Gwaggo ce ta lura. A lokacin ba ta taɓa ganin babban gulbi ba, sai ta zaunar da ita ta ce ta gaya mata yadda yake. Ta zana ƙwarya ta kai mata. Amaryar ta duba ta ce, "Wannan ruwan rijiya ne, Gwaggo." Gwaggo ta sake wata. Amaryar ta ce, "Wannan ruwan sama ne da ya kwanta a tsakar gida." Kowa ya san Gwaggo ba a kushe mata aiki. Amma sai ta cika kwatarniya da ruwa, ta ce wa yarinyar ta sa hannu ta nuna mata yadda gulbi ke yi in iska ta biyo ta kansa. Suka yi yini a kan kwatarniyar. Ƙwarya ta uku da ta kai mata, amaryar ta riƙe ta a cinya ta daɗe tana kallon ta. Daga ranar ta fara cin tuwo.

Yanzu sai in zo kan Yaya. Ina so in yi masa adalci, ko da yake da wuya.

A al'ada abokin wasana ne, ɗan gwaggo da ɗiyar kawu. Da muna yara shi ke kira na baiwarsa, ni ina ce masa mai kan tulu. Tsakaninsa da mahaifiyarsa kuwa akwai kunyar ɗan fari, irin ta mutanen da, wadda ba ta da sassauci. Ba ta faɗin sunansa. Ba ta kallon fuskarsa. In tana son ya ci abinci sai ta ajiye ta ce wa bango, "Ga tuwo nan in akwai mai ci." Kakarsa ce ta yaye shi ta riƙe shi, shi ma Gwaggo yake ce mata kamar mu. Matar da take iya ɓata yini a kan ganye ɗaya, ban taɓa ganin ta ɗaga ido ta dubi ɗan da ta haifa ba.

Ya tafi karatu Sakkwato ya yi shekaru. Ya dawo da littattafai da natsuwa, ya kama koyarwa. Ba mugu ba ne. Shi ya sake mata jinkar ɗaki da hannunsa, shi ke jawo mata ruwa kafin ya fita. Abin da ya yarda da shi ne ba ya yi masa rabi da rabi.

Ana saura kwana tara bikina. Gwaggo ta yi shekara biyu tana tara mini ƙore, goma sha biyu, kowace da zanenta, suna rataye cikin ragaya. An sauko da su ana gogewa a tsakar gida sai Yaya ya shigo. Ya ɗauki ɗaya, mai zanen ruwa. Ya juya ta, bakin ya koma ƙasa. Ya tsaya.

"Gwaggo, wannan kifi ne."

Ta mayar da fuskarta wajen bango ta ce da ni, "Ke, gaya ma wancan ni ruwa na zana. Kifin shi ya zo da abinai."

"Surar mai rai ce, Gwaggo. Ranar ƙiyama za a ce wa wanda ya yi ta ya busa mata rai. Ina jiye miki tsoro."

"Gaya mishi in ya juya ta ya ga abin da bai so, ya mayar da ita yadda take."

Ina tsaye a tsakaninsu, ban isar da saƙon kowa ba, don kowa ya ji.

Gaskiya akwai kifin. In ƙwaryar tana zaune, igiyar ruwa ce kawai ke bin juna. In an juya ta, sai layukan su haɗu su ba da jikin kifi, ba ido ba baki, amma kifi ne. Gwaggo ta san da shi. Irin abin da take so ke nan, abu ya zama wani abu in mai kallo ya sake tsayuwa. Ni ba malama ba ce, ban san hukuncinsa ba har yau. Tsohon limamin ƙauyen ya ce abin da ba shi da kai ba sura ba ne. Yaya ya ce liman karatun da ya yi. Aka kai wa mahaifina magana ya ce, "A bar wa masu karatu." Yayarsa ce, ɗiyarsa ce za a aurar, amma abin da ya ce ke nan.

Washegari bayan azahar Yaya ya ɗauko wuƙa ya zauna gindin darbejiyar tsakar gida. Bai fasa ko ɗaya ba, ya ce ɓarna ce. Kankarewa ya yi. Ya fara da mai kifin, sannan ya ce bai san abin da ke ɓoye cikin sauran ba, ya bi su duka. Har da mai ganyen rama. Har da mai tsagar laka. Ƙarar wuƙar nan a kan ƙwarya tana kunnena har gobe. Gwaggo tana ƙofar ɗakinta tana tsintar wake, ba ta ɗaga kai ba. Da la'asar ya gama, ya jera su, ya share ɓawon da ya zuba, ya je ya yi alwala.

Da su aka kai ni Kalgo, fararen ƙore masu tabo kamar an yi musu aski da reza marar kaifi. Dangin miji suka duba suka ce ashe mutanen Gwandu ba su iya zane ba. Tun ranar ban sake ce wa Yaya mai kan tulu ba, shi ma bai sake kira na baiwarsa ba. Gaisuwa kawai.

Ranar da za a tafi da ni, Gwaggo tana gyara mini lulluɓi ta ce a hankali, "Bar kuka. Zan yi miki wadda ba mai kankare ta."

Daga nan ta zubar da kaskon baƙinta. Ba a sake ganin ta da zane a tsakar gida ba, kowa ya ɗauka ta bari. Ba kuma wanda ya zo nema, don ba Yaya kaɗai ya kashe aikin ba. Shekarun ne kwanonin samira suka cika kasuwar Gwandu, sai roba ta biyo baya. Amaryar da aka jera wa ƙore a ɗaki sai a ce iyayenta ba su da hali. Waɗanda Gwaggo ta yi wa zane da can suka mayar da ƙorensu na ba kaji ruwa. Na gani da idona a gidaje uku.

Sau ɗaya ta zo Kalgo, lokacin da na haifi na biyu, ta yi mini zaman jego. In ta gama yi mini wanka da safe sai ta ɓace. Ashe bakin gulbi take zuwa, ta tsuguna inda ruwa ya janye. Surukata ta ja ni gefe ta ce, "Gwaggon nan taki, lafiyarta ƙalau kuwa?" Wani masunci ya gan ta kwana uku a jere a wuri ɗaya, ya ajiye tarunsa ya zo ya ce, "Inna, mi ya faɗi in taya ki nema?" Ta ce, "Ba abin da ya faɗi. Ruwa ya tashi ya bar aikinai, shi nike dubi." Ya koma ya gaya wa 'yan uwansa, suka riƙa gaishe ta daga nesa. Da za ta koma gida ta ce mini ƙwarya ta ukun nan da ta yi wa maƙwabciya ma ba daidai ba ce, yarinyar kunya ta ji ta karɓa.

A shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato na je Dodoru ganin gida. Rana ta yi sanyi, Yaya ya tafi masallaci, matarsa tana maƙwabta. Gwaggo ta ce in sauko mata da masakin da ke rataye a ƙuryar ɗaki. Babbar ƙwarya ce, hannu biyu ba su zagaye ta. Na sha ganin ta a wurin, fara, ba komai a jikinta, na ɗauka ajiya ce kawai. Ta ja ni bayan ɗaki inda rana ke faɗowa a karkace.

"Riƙe. Mi kinka gani?"

"Ƙwarya."

"Har yanzu kina nan wurin jaki. Karkata ta."

Na karkata ta wajen rana. Sai jikin ƙwaryar ya tashi.

Ban san yadda zan faɗe shi ba. Zane ne siriri kamar gashi, ba a shafa masa baƙi ba, don haka in an dube shi kai tsaye ba a ganin komai. Sai haske ya zo ta gefe, kowace tsaga ta yi 'yar inuwarta, sannan ya fito. Na ga lakar gulbin Kalgo da tsagarta. Na ɗan juya kaɗan, lakar ta ɓace, sai ga sawun zabi sun bi ta inda take. Na sake juyawa, sawun suka zama jijiyoyin ganye. Ba wurin da za ki tsaya ki gan shi duka. Kowane gefe sai kin bar wani kafin ki samu wani. Na yi ta juya ta har hannuna ya gaji, ban ga abu ɗaya sau biyu ba.

Shekara takwas ke nan tana yin sa a lokacin. Da safe in gida ya watse take saukowa da ita, ta zauna bakin ƙofa. Idonta ya fara rauni, rabin aikin da yatsa take bin sa.

Ta ce, "Taki ce. Wanda bai gani ba, mi zai kankare?"

Na ce to in tafi da ita gobe.

"Da saura. Ga nan, ga nan." Ta nuna mini wurare biyu da ba a taɓa ba, kowane kamar faɗin tafin hannu. "In kin dawo."

Ban dawo ba. Shekara uku. Ciki, goyo, ciwon maigida, damina ta ɓata hanya, duk na faɗa wa kaina. Kalgo da Gwandu ba Makka ba ce. Saƙon gaisuwa na riƙa aikawa da sabulu. Wannan laifin ba na Yaya ba ne, ba kuma zan ɗora masa ba.

Kwana biyu da rasuwar, da mutane suka ɗan ragu, na shiga ɗakinta. Ragayar tana nan, ba komai a ciki. Na fito na sami matar Yaya a madafa.

"Ina masakin da ke rataye a ƙurya?"

"Wane? Farin nan? Ai da shi anka yi mata wanka."

A wurinmu ba a wanke gawa sai da sabuwar ƙwarya, wadda ba ta taɓa ɗaukar abinci ba, wadda kuma ba ta da zane. In an gama a fasa ta, a binne sakainun a inda ruwan wankan ya zuba. Ba a tonawa. Ba wanda ya taɓa tonawa. Na je bayan ɗakin na ga wurin, ƙasar ba ta gama bushewa ba, an dora dutse a kai don kada kaji su tona.

Matar Yaya ta biyo ni tana cewa, "Lafiya? In ƙwarya kike so ai akwai su kasuwa."

Na tafi gidan tsohuwar da ke yi wa matan ƙauyen wankan gawa. Yanar tsufa ta rufe mata ido, da sanda take tafiya. Ta ji muryata ta gane ni. Ban gama tambaya ba ta kama hannuna.

"Na ji ta, ɗiyata. Ina taɓa ta na ce musu wagga ƙwarya ba fara ba ce, akwai aiki jikinta. Matar gidan ta ɗauka ta kai bakin ƙofa ta duba, ta ce ba komi. Wata ma ta duba ta ce ba komi. Maza kuma sun aiko sau biyu, rana tana yi. Ni ko makauniya, wa zai bi maganata ga abin gani?"

Na ce, "Inna, akwai wurare biyu da ba ta taɓa ba. Kin ji su?"

Ta murza yatsunta kamar ƙwaryar tana hannunta. "Ko'ina na shafa akwai aiki. Tun daga baki har gindi. Ban ji wurin da anka bari ba."

Ashe ta gama. Ƙwaryar tana rataye tana jira na.

Tsohuwar ta ce, "Ni na fasa ta, da ɗan dutsen niƙa. Sau uku na buga kafin ta yarda. Shekara talatin ina wanga aiki, ban taɓa jin nauyin fasa ƙwarya ba sai rannan."

Duk duniya mu biyu ne muka san abin da ke jikin ƙwaryar nan. Ni na gan ta ba a gama ba. Wadda ta same ta a game kuwa ba ta da ido.

Ranar bakwai zan koma Kalgo, na je zaure yin sallama da Yaya. Na shirya maganata tun asuba, kalma bayan kalma. Na durƙusa na gaishe shi. Kafin in buɗe baki ya riga ni.

"Kin san abin da ya ɗan sanyaya mini rai? Da aka ce a nemo ƙwarya, har an tashi mai keke zai tafi Gwandu. Na ce a dakata. Na shiga ɗakinta. Rabona da shiga ɗakin nan tun kafin aurenki. Ina ɗaga kai na gan ta a rataye, fara tas, ko ɗigo babu. Na ce ashe Gwaggo ta yi wa kanta tanadi. Da hannuna na sauko da ita. Shi ne abu na ƙarshe da na yi mata."

Sai ya fashe da kuka, babban mutum mai furfura a gemu. Ya ce, "Ban sani ba ko ta yafe mini abin da ya faru. Ba ta taɓa ce mini komai ba. Ba ta taɓa dubana ba, ke ma kin sani."

Ban faɗi maganar da na shirya ba. Na ce, "Allah ya jiƙan ta." Ya ce amin. Na tashi na tafi neman mota.

Wata biyar ke nan. Na yi ta auna abin, ko in bar shi da sanyin ransa, ko in bar ta da gaskiyarta. Ban sami hanyar da za ta ba ni duka biyun ba. Shi yana da rai, yana da baki, yana da masu sauraronsa. Ita ba ta da kowa sai ni.

Yaya yana karatu, kuma na san wannan takarda za ta kai hannunsa. Saboda haka sauran maganar da shi nake.

Akwai abu ɗaya a jikin ƙwaryar da ban faɗa ba. A gindinta, inda take zama a ƙasa, akwai sawun mutum. Ƙafar hagu ce, babban yatsan ya karkace waje, kamar na wanda fartanya ta sara yana yaro. Duk sauran zanen daga nan ya taso. Na tambaye ta na wane ne. Ta karɓe ƙwaryar ta ce, "Wani ne ke wucewa nan kullum da safe." Ba ta share tsakar gida sai ka fita, Yaya. Mu duka mun ɗauka nawar aiki ce irin tata.

Ban rubuta don ka ce ka yi kuskure a hukunci ba, wannan tsakaninka ne da malamanka. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Kada ka sake tsayawa gaban mutane ka ce ta bari.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yalwata mata makwancinta, ya haskaka mata shi, ya yafe mata abin da ta sani da wanda ba ta sani ba. Mu da muka rage, ya yafe mana abin da muka yi mata muna ganin alheri ne. Ko ta yafe maka, ban sani ba, ba ta gaya mini ba. Amma ta dube ka, shekara da shekaru, ta inda aka yarda mata ta duba. Kai ka sauko da shaidar da hannunka ka miƙa aka fasa.